Salmon Chase: Ministan Kuɗin da Ya Buga Takardar Dala, Ya Zama Alƙali Ya Ce Ta Saɓa Doka

Tambaya: Na ga an rubuta cewa ministan kuɗin da ya fito da takardar dala a lokacin yaƙin basasar Amurka, shi ne kuma daga baya ya zama Alƙalin Alƙalai ya yanke hukuncin cewa takardar ta saɓa wa tsarin mulki. Wane ne wannan mutum, ta yaya ya samo kuɗin yaƙin, kuma me ya sa ya lashe amansa?

Amsa: Mutumin shi ne Salmon Portland Chase, kuma labarin gaskiya ne, sai dai yana bukatar ɗan gyara. Chase bai taɓa son kuɗin takarda ba tun farko. Mutum ne da ya yi imani da zinariya da azurfa, kuma kurakuransa biyu a shekarar 1861 suna cikin abubuwan da suka jawo aka buga takardar. Idan ka riƙe wannan, hukuncin da ya yanke a 1870 ba zai ba ka mamaki sosai ba.

An haife shi ranar 13 ga Janairu, 1808 a garin Cornish da ke jihar New Hampshire. Mahaifinsa ya rasu a 1817, sai baffansa Philander Chase, wanda bishop ne a Ohio, ya ɗauke shi riƙo na wasu shekaru. Ya gama kwalejin Dartmouth a 1826, ya koyi aikin lauya a Washington a hannun William Wirt, Antoni Janar na wancan lokaci, sannan ya koma Cincinnati a 1830. Wurin da ya zauna yana da muhimmanci. Kogin Ohio ne kawai tsakanin Cincinnati da jihar Kentucky inda ake bautar da mutane a lokacin, saboda haka bawan da ya gudu nan yake fara sauka. Chase ya riƙa tsaya wa irin waɗannan bayi da masu ɓoye su a kotu, kamar shari'ar wata mata mai suna Matilda a 1837 da ta manomi John Van Zandt wadda ta kai Kotun Ƙoli a 1847. Duka biyun ya sha kaye, amma sunansa ya fita, har ake kiransa Antoni Janar na gudaddun bayi. Daga nan ya shiga siyasa ta ƙananan jam'iyyun adawa da bauta, ya zama sanata daga 1849 zuwa 1855, sannan gwamnan Ohio daga 1856 zuwa 1860 a sabuwar jam'iyyar Republican. A taron fid da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar a Chicago a 1860 ya samu ƙuri'u 49 a zagayen farko, Sanata William Seward yana gaba, Abraham Lincoln yana biye. A zagaye na uku ƙuri'u huɗu daga jiharsa ta Ohio ne suka ƙarasa wa Lincoln adadin da yake bukata. Da Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa, ya ba shi Sakataren Baitulmali, wato ministan kuɗi, ya kama aiki a Maris 1861. Bai taɓa riƙe banki ba. Lauya ne kuma ɗan siyasa, kuma an ba shi kujerar ne don a daidaita ɓangarorin jam'iyya.

Abin da ya tarar shi ne ƙaramar gwamnati. Kuɗin da tarayya ta kashe a 1860 bai wuce dala miliyan 63 ba, kuma kusan duk kuɗin shigarta daga harajin kayan da ake shigowa da su ne. Babu harajin kuɗin shiga, babu babban banki, babu takardar kuɗi ta ƙasa. Bankunan jihohi kimanin 1,500 kowanne yana buga tasa takardar, har nau'o'in sun kai dubbai, ga jabu ko'ina, sai da ɗan kasuwa ya riƙa ajiye littafin da yake duba wace ce ta gaske da kuma nawa ake rage wa kowace. Ita gwamnati kuwa, dokar 1846 ta ɗaure ta: ba ta karɓa ba ta biya sai da tsabar zinariya ko azurfa, kuma a rumbunanta take ajiye su, ba a banki ba. A shekarar kuɗi ta 1865 wannan gwamnati ta kashe kusan dala biliyan 1.3. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu aikin Chase yake.

Kuskurensa na farko na haraji ne. A Yuli 1861 ya gaya wa Majalisa cewa ana bukatar kimanin dala miliyan 320 na shekara guda, miliyan 80 daga haraji, miliyan 240 bashi. Tunaninsa shi ne haraji ya ɗauki hidimar yau da kullum da kuɗin ruwa, bashi ya ɗauki yaƙi. Wannan lissafi yana tafiya idan yaƙin na wata uku ne, kamar yadda kusan kowa ya zata kafin kayen da Arewa, wato ɓangaren gwamnatin tarayya, ta sha a hannun jihohin Kudu da suka ɓalle a fagen Bull Run a ƙarshen watan. Majalisa ta sa harajin kuɗin shiga na kashi 3 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 800 a Agusta 1861, amma ba a karɓi ko sisi da wannan doka ba. Sai 1 ga Yuli, 1862 aka kafa ofishin harajin cikin gida, George Boutwell ya zama shugabansa na farko, aka sa kashi 3 a kan abin da ke tsakanin dala 600 da 10,000, kashi 5 a kan abin da ya haura, tare da haraji a kan giya, taba, lasisin sana'a da kayan masana'antu. An yi asarar shekara guda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ba da bashi yana duba ta inda za a biya shi, idan bai ga haraji ba sai ya tsawwala kuɗin ruwa ko ya noƙe.

Kuskure na biyu shi ne wanda masana harkar banki suka fi kama shi da shi, kuma ya kamata a bi shi daki-daki. A Agusta 1861 bankunan New York, Boston da Philadelphia suka yarda su ranta wa gwamnati dala miliyan 150, kashi uku, miliyan 50 kowane karo. Kashi biyu na farko an ba su takardun lamuni masu ruwan kashi 7.3 a shekara. An zaɓi wannan adadi ne don sauƙin lissafi: takardar dala 100 tana haifar da santi biyu kullum. Bankunan sun ɗauka za a yi yadda aka saba da kowane babban mai ajiya, a rubuta kuɗin a asusun gwamnati, ita kuma ta riƙa biyan 'yan kwangila da cak. Ta haka zinariya za ta zauna a rumbun banki, cak ya riƙa zagayawa. Dokar 5 ga Agusta, 1861 ma ta buɗe ƙofar yin hakan. Chase ya ce a'a, a kawo zinariya a zuba a rumbun gwamnati. Abin da bai yi la'akari da shi ba shi ne, zinariyar banki ita ce ginshiƙin duk ajiyar mutane da takardun da bankin ya buga, kuma ba ta kai girman waɗannan ba. Muddin abin da gwamnati ta biya yana dawowa banki a matsayin ajiya cikin 'yan kwanaki, tsarin yana tsayuwa. Da farko haka aka yi ta yi. A Nuwamba sojan ruwan Arewa ya tare jirgin Ingila mai suna Trent ya cire jakadun Kudu biyu, aka shiga fargabar yaƙi da Ingila. A Disamba rahoton Chase ya nuna cewa kashe kuɗi ya zarce ƙiyasi nesa ba kusa ba, kuma ba shi da wani babban shirin haraji. Mutane suka fara ɓoye zinariya, abin da ya fita ya daina dawowa. Ranar 30 ga Disamba, 1861 bankunan New York suka daina biyan zinariya, sauran suka bi, gwamnati ma ta bi. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

To a wannan hali aka haifi takardar. Wanda ya tsara dokar ɗan majalisa ne kuma ma'aikacin banki daga Buffalo, Elbridge Spaulding. Chase ya rubuta wa kwamitin majalisa cewa yana matuƙar ƙin a mayar da wani abu ban da tsabar kuɗi ya zama abin biyan bashi na dole, amma baitulmali ya kusa ƙarewa, ba makawa. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 93 da 59, ta Dattawa 30 da 7, Lincoln ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 1862. An ba da izinin dala miliyan 150, aka ƙara 150 a Yuli 1862, aka sake ƙara 150 a farkon 1863, jimla miliyan 450. Saboda koren tawadar da ke bayanta mutane suka sa mata greenback, wato mai koren baya. Hoton Chase ne a kan ta dala ɗaya, abin da abokan hamayyarsa suka ce kamfe ne da kuɗin gwamnati, kuma ba su yi ƙarya ba.

Dokar tana da dabara a cikinta wadda sau da yawa ake tsallakewa. Takardar halal ce wajen biyan kowane bashi, na gwamnati da na mutane, ban da abu biyu: harajin kwastam dole a biya da zinariya, kuma ruwan bashin gwamnati da zinariya ake biyansa. Ma'ana zinariyar da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ita ce take fita zuwa ga masu takardun lamuni. Sannan mai riƙe da takardar yana da damar musanya ta da takardar lamuni mai ruwan kashi 6, wadda gwamnati za ta iya fansa bayan shekara 5 kuma dole ta biya cikin shekara 20. Wannan dama ita ce ƙofar da takardar da ta yi yawa a kasuwa za ta riƙa komawa baitulmali. An rufe ƙofar daga 1 ga Yuli, 1863 bisa bukatar ma'aikatar Chase, domin yana ganin tana hana shi sayar da lamuni a farashin da yake so. Nan ma an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin an cire wa takardar ɗaya daga cikin turakunta.

Darajarta ta riƙa hawa da sauka da labarin fagen fama. Ranar 11 ga Yuli, 1864, lokacin da sojojin Kudu suka iso bakin Washington, sai da aka biya dala 285 ta takarda kafin a samu dala 100 ta zinariya, wato dalar takarda ta koma kimanin santi 35. Makonni kaɗan kafin nan, a 17 ga Yuni, Chase ya sa Majalisa ta haramta cinikin zinariya na alƙawarin gaba, yana zargin 'yan kasuwar New York da haddasa tashin farashi. Farashin ya ƙara tashi, aka soke dokar ranar 2 ga Yuli, kwana goma sha biyar kacal. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai albashi tsayayye, musamman soja mai dala 13 a wata da iyalinsa. Wanda ya ci riba kuma shi ne mai sayen lamuni da takarda yana karɓar ruwa da zinariya: idan dala 100 ta zinariya tana kan dala 200 ta takarda, ruwan kashi 6 ya zama kashi 12 a takarda. Duk da haka kaya sun tashi da kimanin kashi 80 ne a Arewa a tsawon yaƙin, alhali a Kudu, inda aka dogara da injin buga kuɗi kusan kacokan, farashi ya ninka sau casa'in.

Akwai wata matsala ƙarama da ta addabi kasuwa. Da zarar takarda ta faɗi, azurfar da ke cikin sulalla ta fi darajar da aka rubuta a kansu, sai canji ya ɓace a rani na 1862. Mutane suka koma ba da canji da kan sarki, har gwamnati ta buga ƙananan takardu na santi 5, 10, 25 da 50. Yawan takardun da ake yankewa da almakashi da ƙirgawa shi ya sa Ma'ajin Ƙasa Francis Spinner ya ɗauki mata aiki a baitulmali a 1862, abin da ba a saba ba, kuma a kan albashin da bai kai na maza ba.

Bashi shi ne babban ginshiƙi, domin kimanin kashi biyu cikin uku na kuɗin yaƙin Arewa daga lamuni ya fito, haraji ya kawo kusan kashi 21 cikin 100, takarda kashi 13. A nan Chase ya yi sa'ar dillali. Lamunin kashi 6 na dala miliyan 500 ya ƙi sayuwa a 1862, sai a Oktoba ya naɗa Jay Cooke na Philadelphia wakili. Ƙanin Cooke, Henry, ɗan jarida ne a Ohio kuma na hannun daman Chase a siyasa, ta nan aka san juna. Cooke ya bar manyan bankuna ya nufi talakawa. Ya baza ƙananan wakilai kimanin 2,500 a garuruwa, ya cika jaridu da talla mai bayanin lamuni cikin tambaya da amsa, ya sayar da takarda mai ƙaramin farashi har ta dala 50. La'adarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba a mafi yawan cinikin, kuma daga ciki yake biyan wakilai da talla. Zuwa Janairu 1864 an sayar da sama da miliyan 500. Surutun cewa an ba aboki kwangila ba tare da gasa ba ya sa Chase ya ajiye Cooke, ya fito da sabon lamuni mai ruwan kashi 5 da kansa. Rage ruwa a lokacin da takarda ke faɗuwa bai yi wa masu saye daɗi ba, cinikin ya yi kwantai, kuma wannan yana cikin dalilan da baitulmali ya shiga matsi a tsakiyar 1864.

Abin da Chase yake so da zuciya ɗaya, wanda kuma ya daɗe bayansa, shi ne tsarin bankunan ƙasa. Sanata John Sherman ya tura dokar, ta tsallake Majalisar Dattawa da kyar, 23 da 21, aka sa mata hannu ranar 25 ga Fabrairu, 1863, aka gyara ta a Yuni 1864. Ga yadda take aiki. Mutum biyar ko fiye su haɗa jari: dala 50,000 a garin da bai kai mutum 6,000 ba, 100,000 a matsakaicin gari, 200,000 a birnin da ya haura mutum 50,000. Su sayi takardun lamunin gwamnati na aƙalla sulusin jarin, su kai su baitulmali jingina. Sai a ba su takardun kuɗi iri ɗaya da na kowane bankin ƙasa, har kashi 90 cikin 100 na darajar jinginar. Bankin da ya ajiye lamunin dala 100,000 zai karɓi takardun 90,000 ya ba da rance da su, yana kuma cin ruwan lamunin da zinariya. Idan ya karye, gwamnati ta sayar da jinginar ta biya masu riƙe da takardunsa. Dole kuma ya ajiye kashi 25 na abin da ake binsa idan a babban birni yake, kashi 15 a ƙauye. An kafa ofishin mai sa ido, aka ba Hugh McCulloch na Indiana, wanda ya zo Washington ne tun farko don ya yaƙi dokar. Jifa ɗaya tsuntsu biyu: an samar wa lamuni kasuwa, an samar wa ƙasa takarda guda.

Sai dai bai taimaki yaƙin sosai ba, domin bankunan jihohi sun ƙi shigowa. Abin da ya karya su shi ne harajin kashi 10 da aka sa wa takardunsu a Maris 1865, bayan Chase ya bar ofis, kuma zuwa 1866 bankunan ƙasa sun haura 1,600. Tsarin yana da lahani biyu da suka bayyana daga baya. An ƙayyade jimlar takardun a dala miliyan 300, gabashin ƙasa ya kwashe mafi yawa, Kudu da Yamma suka zauna cikin ƙarancin kuɗi. Kuma yawan kuɗi ya rataya a kan yawan bashin gwamnati, ba ya ƙaruwa lokacin kaka da ake bukatarsa, ga ajiyar ƙananan bankuna tana taruwa a New York. Wannan ne tushen ruɗanin harkar kuɗi na 1873, 1893 da 1907, har aka kafa babban banki a 1913.

Barinsa ofis siyasa ce zalla. Yana minista yana neman kujerar maigidansa, ya cika ma'aikatar da magoya bayansa, kuma a Fabrairu 1864 wata takardar sirri da Sanata Pomeroy ya raba, mai cewa Lincoln ba zai ci zaɓe ba a tsayar da Chase, ta faɗa hannun jaridu. Ya saba miƙa takardar murabus Lincoln yana lallashinsa. A ƙarshen Yuni 1864 suka saɓa a kan wanda zai gaji John Cisco a ofishin baitulmali na New York, ya sake miƙawa, wannan karon aka karɓa. Da Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya rasu a Oktoba, Lincoln ya ba Chase kujerar ranar 6 ga Disamba, 1864. A gabansa aka rantsar da John Rock a Fabrairu 1865, baƙar fata na farko da aka ba izinin yin lauya a Kotun Ƙoli, kotun da shekara takwas kafin nan ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Shi ya jagoranci shari'ar tsige Shugaba Andrew Johnson a 1868.

Yanzu ga shari'ar da ka tambaya. Wata mata, Misis Hepburn, ta sa hannu a takardar bashin dala 11,250 ga Henry Griswold a Yuni 1860, za a biya ranar 20 ga Fabrairu, 1862, kwana biyar kafin dokar takarda. Daga baya ta kawo takarda, ya ce zinariya ya ranta, zinariya zai karɓa. Ranar 7 ga Fabrairu, 1870 Chase ya karanta hukunci, alƙalai huɗu da uku, cewa ba za a tilasta wa mai bin bashin da aka ƙulla kafin dokar ya karɓi takarda ba. Hujjarsa biyu ce. Tilasta wa mutum ya karɓi abin da bai kai darajar abin da ya bayar ba ƙwace dukiya ne ba bisa ƙa'ida ba. Sannan tilascin bai zama dole ga yaƙin ba, domin takarda za ta zagaya ko ba shi tunda gwamnati tana karɓarta a haraji da lamuni. Ya kuma amsa a cikin hukuncin cewa a ruɗanin yaƙi mutane da yawa sun danne shakkunsu, kowa kuwa ya san da wa yake. Lura cewa bai ce buga takardar haram ba ne, tilasta karɓarta ya soke. Wata biyu kafin nan ma shi ya rubuta hukuncin da ya halatta harajin kashi 10 a kan takardun bankunan jihohi.

Hujjarsa ta biyu tana da rauni. A Fabrairu 1862 bankuna suna iya ƙin karɓar takardar, kuma shi da kansa ya faɗi haka a lokacin. Akwai kuma ƙanshin siyasa, domin a 1868 ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, kuma alƙalai ukun da suka mara masa baya 'yan Democrat ne, ukun da suka saɓa masa kuwa 'yan Republican ne da Lincoln ya naɗa. Amma ra'ayin nasa ne tun yana saurayi.

Hukuncin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin jirgin ƙasa da sauran masu tsohon bashi sun ga za a ce su biya da zinariya mai tsada. A ranar da aka karanta hukuncin Shugaba Grant ya aika wa Majalisa sunayen William Strong da Joseph Bradley don cike guraben kotu biyu. Ranar 1 ga Mayu, 1871, a shari'ar Knox da Lee, kotu ta juya da biyar da huɗu, Chase yana cikin marasa rinjaye. A lokacin shanyewar ɓarin jiki ta riga ta taɓa shi, ya rasu a New York ranar 7 ga Mayu, 1873. Sai 1 ga Janairu, 1879 aka koma musanya takardar da zinariya ɗaya bisa ɗaya, a hannun John Sherman yana ministan kuɗi. Bankin Chase da aka kafa a New York a 1877 sunansa kawai ya ɗauka, ba shi da hannu a ciki, kuma hotonsa ne a takardar dala 10,000 da aka janye daga zagayawa a 1969.